Na Biya Kuɗin Na'urata, Amma Makullinta Yana Hannun Kamfani

Kwamfutar tafi-da-gidanka da nake rubutu da ita ta shekara biyar a hannuna ba ta taɓa ba ni wahala ba, sai wata safiya na lura cewa ɗan faifan da ake jan yatsa a kansa ya ɗago sama, murfin ƙasanta kuma ya fara buɗe baki ta gefe ɗaya. Batirin ne ya kumbura, abin da kowane batirin litiyom kan iya yi idan ya kwana biyu yana aiki. Allonta garau yake, madannanta lafiya lau, saurinta ya wadatar da ni, kuma duk ayyukana na shekaru suna cikinta. Abu ɗaya ne tak ya mutu, kuma shi ne abin da wanda ya ƙera ta ya san zai riga sauran sassan mutuwa tun ranar da ta fito daga masana'anta. Da na kife ta a kan tebur domin in kwance murfin, sai na tarar da noti guda goma waɗanda kansu bai dace da ko ɗaya daga cikin sukudirebobin da nake da su ba. Na rubuta wa kamfanin, wanda ba zan kama sunansa ba, suka ba ni amsa cikin ladabi cewa ba sa sayar wa ɗaiɗaikun mutane batir, cewa irin tawa ta fita daga jerin waɗanda suke gyarawa, kuma shawararsu ita ce in duba sababbin da suka fitar.

Na kai ta wa wani abokina da ya daɗe yana sana'ar gyaran waya da kwamfuta, na zauna a gefensa ina kallo. Yana da sukudireban da ya dace, saboda haka murfin bai ɗauke shi minti biyar ba. A ciki ne aikin yake, domin batirin an manne shi da gam a jikin ƙarfen kwamfutar tun daga wannan gefe har zuwa wancan, ga shi ya kumbura kamar matashin kai, kuma idan aka yi kuskure wani ƙarfe ya huda shi yana iya kamawa da wuta nan take. Ya riƙa ɗiga sinadarin narkar da gam kaɗan-kaɗan ta ƙarƙashi, ya jira ya jiƙa, sannan ya zura zare mai ƙarfi yana ja hagu da dama kamar mai yanka sabulu, gumi yana tsattsafo masa a goshi duk da cewa ba wani nauyi yake ɗagawa ba. Sai da aka kusa awa biyu kafin batirin ya rabu da jikin kwamfutar. Sanya sabon, wanda wani kamfani daban ya ƙera, bai kai minti goma ba. Muka kunna ta, ta tashi, amma sai ga wani saƙo a kan allo yana cewa ba a gane wannan batiri ba, kuma daga ranar kwamfutar ta daina nuna mini lafiyar batirin da yawan cajin da ya sha. Abokina ya ajiye sukudireban ya dube ni ya ce: "Malam, a da idan hannunka ya iya aiki ka gama. Yanzu sai ka gama aikin hannu lafiya, manhaja ta ce ba ta yarda ba."

Wannan magana tasa ce ta tuno mini da rediyon mahaifina. Idan aka kwance murfin bayansa, da noti huɗu irin waɗanda kowane sukudireba yake kwancewa, akwai takarda manne a ciki mai ɗauke da zanen yadda wutar take zagayawa, da sunan kowane ɗan ƙaramin sashe da lambarsa. Wanda ya ƙera rediyon ya ɗauka cewa wata rana zai lalace, wani zai buɗe shi, kuma wannan mutum yana da haƙƙin a nuna masa hanya. Ciniki a wurinsa ya ƙare ne a lokacin da aka miƙa kuɗi aka karɓi kaya. Abin da nake son in faɗa a wannan rubutu ya tsaya ne a kan wannan gaɓa: idan na biya kuɗin abu gaba ɗaya, amma ba ni da ikon buɗe shi, ba ni da ikon zaɓar wanda zai gyara mini shi, kuma wani daga nesa yana iya rage masa aiki saboda na canza wani sashe nasa, to matsayina bai wuce na ɗan haya ba, ko da rasiɗin da ke hannuna yana cewa ni ne mai shi.

Hanyoyin da ake bi a toshe ƙofar gyara suna da yawa, kuma wasu daga cikinsu ido yana ganinsu. Kamfanin Apple ya fara amfani da noti mai kai irin na fure mai kunne biyar a kwamfutocinsa a shekarar 2009, daga baya ya kai shi kan wayar iPhone 4, a lokacin da da wuya a sami sukudirebansa a hannun talakan mai gyara. Ga gam a maimakon noti, ga narka ma'adanar bayanai a jikin babban faifan na'ura da dalma yadda ba za a iya cirewa a ƙara mai girma ba, ga haɗe gilashi da allo da maɓalli su zama dunƙule ɗaya ta yadda fashewar ɗaya take tilasta sayen duka. Sai kuma waɗanda ba a gani: ƙin fitar da zanen wutar na'ura, ƙin sayar da kayan gyara ga wanda ba wakilin kamfani ba, da ɓoye manhajar da ake binciken cutar na'ura da ita. Duk waɗannan masu gyara sun san yadda suke fama da su, kuma sau da yawa sukan sami mafita, domin duk notin da aka ƙirƙiro ba a daɗewa wani ya ƙera masa sukudireba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙulle sassa da lamba, irin abin da ya faru da batirina. Yadda abin yake shi ne, kowane muhimmin sashe, allo ne ko batir ko kyamara ko na'urar karanta zanen yatsa, ana saka masa ɗan ƙanƙanin guntu mai ɗauke da lambar shaida, sannan a rubuta wannan lamba a cikin ƙwaƙwalwar na'urar tun a masana'anta. Duk lokacin da aka kunna ta sai ta tambayi kowane sashe lambarsa, idan ta ji baƙuwar lamba sai ta yi abin da aka umarce ta: ta fito da gargaɗi, ko ta kashe wani aiki, ko ta ƙi tashi ɗungurungum. Wanda yake da ikon sanar da ita sabuwar lamba shi ne mai manhajar kamfani kaɗai. Abin lura a nan shi ne, tambayar da na'urar take yi ba ta shafi ingancin sashen ba. Masu gyara sun sha gwadawa a gaban kyamara: su sayi sababbin wayoyi biyu iri ɗaya daga kamfani ɗaya, su ciro allon wannan su sanya wa waccan, dukansu na asali ne ba jabu a ciki, amma wayoyin biyu su fara ƙorafi. Ke nan abin da ake tantancewa shi ne ko an nemi izinin kamfani kafin a taɓa na'urar.

A farkon shekarar 2016 duniya ta ga iyakar inda wannan tsari zai iya kaiwa. Mutanen da suka canza maɓallin karanta yatsa na iPhone 6 a wurin masu gyara masu zaman kansu sun ci gaba da amfani da wayoyinsu wata da watanni ba matsala, sai da suka sabunta manhajar wayar, ta tsaya cak ta nuna musu kuskure mai lamba 53, ta ƙi tashi, da hotunansu da lambobin mutanensu duk a ciki. Bayan surutu ya yi yawa kamfanin ya ba da haƙuri, ya ce gwaji ne da aka tsara domin masana'anta, ya fitar da gyara. A shekarar 2018 wata kotun tarayya a Ostireliya ta ci Apple tarar dalar ƙasar miliyan 9, saboda ya shaida wa aƙalla mutum 275 cewa ba su da haƙƙin a gyara musu na'urorinsu tunda wani ya riga ya taɓa su. Darasin bai shiga ba, domin a 2021 da iPhone 13 ta fito, canza allonta a wajen kamfani yana kashe tsarin buɗe waya da fuska, sai da aka sake yin ca a kansa kafin ya janye. A 2024 ne kamfanin ya sanar da cewa zai bari a yi amfani da sassan asali da aka ciro daga tsofaffin wayoyi a wasu nau'o'in iPhone, abin da masu gyara suka shekara da shekaru suna roƙo. Na yawaita ambaton Apple ne saboda shari'o'insa suna rubuce kowa yana iya dubawa, amma masu firinta da suke sa na'ura ta ƙi karɓar tawadar wani kamfani, da masu na'urorin wasa, da masu injin wanki, duk rawa ɗaya suke takawa.

Mutum zai iya tambaya, me ya hana masu gyara su fasa wannan kulle kamar yadda suka ƙera sukudireba? A Amurka, inda yawancin manyan kamfanonin nan suke, akwai dokar kare haƙƙin mallakar fasaha ta shekarar 1998, wadda sashenta na 1201 ya haramta tsallake duk wani makullin manhaja da ke kare abin da yake da haƙƙin mallaka. An yi ta ne domin hana satar fina-finai da waƙoƙi, amma da yake yau kusan komai yana da manhaja a cikinsa, sai dokar ta zama katanga a kewaye da firji da mota da tarakta. Duk bayan shekara uku ake zama a duba roƙon masu neman a ɗage musu haramcin, kuma ta haka aka halatta gyaran motoci da taraktoci a 2015, aka ƙara da wayoyi da kayan gida a 2018. Sai dai izinin ya tsaya ne a kan wanda zai fasa makullin da kansa, bai halatta a ƙera kayan fasawar a sayar wa jama'a ba, alhali mutum nawa ne zai iya rubuta irin wannan manhaja da hannunsa?

Manoman Amurka sun ɗanɗana wannan fiye da kowa. Tarakta ta tsaya a tsakiyar gona ana cikin girbi, hadari yana haɗuwa, manomi ya san sashen da ya lalace kuma yana da shi a hannu, amma injin ba zai tashi ba sai wakilin kamfani ya zo da kwamfutarsa ya ba shi izini, wataƙila bayan kwanaki. Har ta kai wasunsu suna neman manhajar da aka fasa a ƙasar Yukiren domin su tayar da injin da suka saya da guminsu. Kamfanin John Deere mai ƙera taraktoci ya sa hannu a wata yarjejeniya da babbar ƙungiyar manoman ƙasar a Janairun 2023 cewa zai sassauta, amma a Janairun 2025 hukumar kula da harkokin kasuwanci ta tarayya, FTC, ta maka shi a kotu bisa zargin cewa ya mamaye harkar gyaran injunansa. A ƙasar Polan kuwa, a ƙarshen 2023, wasu masana manhaja da wani garejin jiragen ƙasa ya ɗauka haya sun bayyana cewa sun gano umarni a cikin jiragen kamfanin Newag da ke sa jirgi ya ƙi motsi idan ya daɗe a ajiye a harabar wasu garejin da ba na kamfanin ba, zargin da kamfanin ya musanta. A lokacin annobar korona a 2020 ma, injiniyoyin asibitoci sun koka cewa na'urorin taimaka wa numfashi suna ajiye ba a iya gyarawa saboda an hana su littattafan gyara da lambobin shiga, har sai da kamfanin iFixit, mai wallafa bayanan gyaran na'urori, ya tattara dubban irin waɗannan littattafai ya zuba su a intanet kyauta.

Ba adalci ba ne a ƙi sauraron hujjojin kamfanonin, kuma wasu daga ciki suna da nauyi. Sun ce batirin litiyom yana da hatsari, wannan gaskiya ne, na gani da idona yadda abokina yake kaffa-kaffa da nawa. Amma hatsarin da muka shiga a ranar gam ne ya jawo shi, da an ɗaure batirin da noti huɗu da ba a yi maganar huda shi ba. Kuma babbar gobarar batir da aka fi sani a tarihin wayoyi, ta Galaxy Note 7 a 2016 wadda ta sa Samsung ya janye wayar daga kasuwa baki ɗaya, batiran masana'anta ne suka haddasa ta, babu mai gyaran da ya taɓa su. Sun ce akwai jabun kayan gyara marasa inganci, wannan ma gaskiya ne, kuma babu mai amfani da waya da bai taɓa jin labarin allon da ya dushe bayan wata ɗaya ba. Sai dai jabu yana samun kasuwa ne a inda aka hana na asali, kuma wanda ya ƙi sayar maka da mai kyau bai kamata ya zarge ka da sayen maras kyau ba. Hujjar da na fi ganin ƙarfinta ita ce ta sata, wato idan sassan waya ba su da amfani a jikin wata, ɓarawo ba zai sami riba a farfasa wayar sata ya sayar ba. Na yarda a toshe sassan wayar da mai ita ya ba da rahoton an sace, amma hakan bai buƙaci a hukunta duk wanda ya ciro allo daga tsohuwar wayarsa ta halal ba.

Saura batun sirrin fasaha, cewa fitar da bayanan gyara tamkar miƙa wa abokan hamayya asirin kamfani ne. Hausawa sun riga sun ba da amsar wannan, da suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai gyara bai nemi a koya masa yadda ake ƙera ƙwaƙwalwar waya ba, abin da yake nema shi ne littafin da kamfani ya riga ya bai wa wakilansa, da sassan da ya riga yake sayar musu, da manhajar da suke amfani da ita kullum. Hukumar FTC ta bi waɗannan hujjoji ɗaya bayan ɗaya a rahoton da ta miƙa wa majalisar dokokin Amurka a watan Mayun 2021, ta kuma kammala da cewa shaidar da ke goyon bayan uzurin kamfanonin ba ta taka kara ta karya ba.

To idan hujjojin ba su da ƙarfi haka, me ya sa aka nace? Ruwa ba ya tsami banza. A watan Disambar 1924 manyan masu ƙera ƙwan lantarki na duniya, cikinsu har da Osram da Philips, sun haɗu a birnin Janiba suka ƙulla yarjejeniyar da aka sani da sunan Phoebus, suka amince cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, alhali na lokacin suna kaiwa awa 1,500 zuwa 2,000, har suna cin tarar duk ɗan ƙungiyar da ƙwansa ya yi tsawon rai fiye da ƙima. Ba na cewa kowane kamfani na yau yana zama a ɓoye yana ƙulla irin wannan, kuma na san wani gam ɗin ana sa shi ne da gaske domin na'ura ta yi siriri ko ta hana ruwa shiga. Amma lissafin riba bai canza ba. A Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyi masu gajiyayyen batir, ya ce domin kada su riƙa mutuwa ba zato ne, sai dai bai sanar da masu wayoyin ba, waɗanda da yawansu suka zaci wayar ce ta tsufa suka sayi sabuwa alhali batir kawai take buƙata. Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020 saboda wannan ɓoyewar. Da kamfanin ya rage kuɗin canza batir a tsawon 2018 domin ya wanke kansa, sai ga shugabansa Tim Cook a wasiƙar da ya rubuta wa masu hannun jari a Janairun 2019 yana lissafa arahar batirin a cikin dalilan da suka sa mutane suka rage sayen sababbin wayoyi. Ban san wata shaida da ta fi wannan bayyana alaƙar da ke tsakanin sauƙin gyara da cinikin sabuwar na'ura ba, tunda daga bakin mai kayan ta fito.

Wanda yake biyan kuɗin wannan lissafi ba mai saye kaɗai ba ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar kayan lantarki ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata bai wuce kashi 22 da 'yan kai cikin ɗari ba, ana kuma hasashen sharar za ta kai tan miliyan 82 a 2030. Kamfanoni suna son maganar sake sarrafa shara, domin ba ta hana su sayar da sabo, amma narka waya ba ya dawo da duk ma'adinan da ke cikinta, kuma kusan kashi huɗu cikin biyar na hayaƙin da waya take jawowa a tsawon rayuwarta ana fitar da shi ne wajen haƙo ma'adinai da ƙera ta, tun kafin ta shiga hannun mai saye. Saboda haka ƙara wa waya shekara biyu da sabon batir ya fi duk wani kwandon tattara tsofaffin wayoyi amfani.

Akwai kuma asarar da ba a auna ta da tan, wato ta sana'a da ilimi. Mai gyara na gaske yana bin layin wuta da na'urar awo har ya gano ɗan ƙaramin abin da ya ƙone wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya cire shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya dasa wani, ya ceto na'urar da wakilin kamfani zai ce sai an canza babban faifanta gaba ɗaya, tare da asarar duk bayanan da ke ciki. Wannan ilimi hannu da hannu ake koyonsa, kuma yana mutuwa ne idan aka wayi gari aikin ba ya ciyar da mai shi. A ƙasar Norwe wani mai ƙaramin wurin gyara ya yi shari'a da Apple a kan allon waya guda 63 da jami'an kwastam suka kama, ya yi nasara a kotun farko, amma kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a kansa a 2020 bisa dalilin tambarin kamfani da ke jikin allunan, duk da cewa an shafe shi da tawada. Ko da kamfanin ya buɗe shirin bai wa mutane damar gyara da kansu a Amurka a 2022, kayan aikin da yake ba da haya sun zo ne a akwatuna biyu masu nauyin kusan kilo 36, domin canza batirin wayar da ake sakawa a aljihu. Wannan nauyi kaɗai ya isa ya nuna cewa tun wajen zana wayar ba a yi tunanin ranar gyaranta ba.

Duk da haka abubuwa sun motsa, kuma ba kyauta aka samu ba. Masu motoci ne suka share fage, lokacin da masu zaɓe a jihar Masachusets ta Amurka suka amince da dokar 'yancin gyaran mota a 2012 da rinjayen kashi 86 cikin ɗari. Jihar Niyok ta yi dokar farko ta kayan lantarki a ƙarshen 2022, ko da yake an rage mata kaifi a daidai lokacin sa hannu, aka taƙaita ta ga sababbin na'urori, aka kuma yarda kamfani ya sayar da dunƙulen sassa a maimakon ɗan abin da ya lalace. Kalifoniya ta biyo baya a 2023 da wajabta samar da kayan gyara har shekara bakwai ga na'urori masu tsada, Kolorado ta yi wa kekunan guragu masu lantarki doka a 2022 da injunan noma a 2023, sannan Origon ta zama ta farko da ta haramta ƙulle sassa da lamba a 2024. Faransa a Janairun 2021 ta wajabta liƙa makin sauƙin gyara, daga sifili zuwa goma, a jikin wayoyi da kwamfutoci da talabijin da injin wanki, domin mai saye ya gani kafin ya zaro kuɗinsa. Tarayyar Turai kuma daga 20 ga Yunin 2025 ta ɗora wa masu wayoyi sharaɗin samar da muhimman kayan gyara har shekara bakwai bayan an daina sayar da samfuri, da sabunta manhaja aƙalla shekara biyar, da batirin da zai riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan caji 800. Wata dokar tata ta 2024 ta ƙara wa mai saye shekara guda ta garanti idan ya zaɓi gyara a kan musanya. A kan garanti ma, takardar nan da ake liƙawa a kan noti mai cewa wanda ya yage ta ya rasa garantinsa, hukumar FTC ta gargaɗi kamfanoni shida a 2018, cikinsu har da Sony da Microsoft da Nintendo, cewa irin wannan sharaɗi ya saɓa wa dokar garanti ta Amurka ta 1975.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Doka tana iya tilasta wa kamfani ya sayar da allo, shi kuma ya tsawwala masa kuɗi har ya kusa kuɗin sabuwar waya, sai gyaran ya halatta a takarda ya gagara a aljihu. Sannan akwai mutuwar da manhaja take jawowa alhali ƙarfen yana da rai, kamar yadda Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, ga kuma ɗimbin kwamfutoci masu lafiya da ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Kuma kowace doka iyakarta ƙasar da ta yi ta, mafi yawan mutanen duniya suna zaune ne a inda ba a yi irinta ba. Abin da yake ba ni ƙwarin gwiwa shi ne kamfani ba ya son ƙera na'ura iri biyu, shi ya sa da Turai ta wajabta kan caja na USB-C, iPhone 15 ta fito da shi a 2023 a ko'ina cikin duniya. Ga kuma ƙananan kamfanoni irin su Fairphone na ƙasar Holan da Framework na Amurka, da suke sayar da waya da kwamfuta waɗanda ake kwance su da sukudireba ɗaya, sun ƙaryata masu cewa na'urar zamani ba ta yiwuwa sai da gam.

Ni dai tun daga wannan rana na sauya tambayoyin da nake yi kafin in sayi na'ura. A da girman ma'adana da kyawun kyamara nake tambaya, yanzu kuwa nakan fara neman sanin yadda aka ɗaure batirin, ko kamfanin yana sayar da shi ga kowa, shekara nawa ya yi alkawarin sabunta manhaja, da kuma abin da masu gyara suka tarar da suka buɗe irinta. Kwamfutar tawa tana nan, da ita na rubuta wannan, ta shiga shekara ta bakwai, batirin yana kai ni awa biyar ba tare da caji ba. Saƙon nan har yanzu yana fitowa duk lokacin da na kunna ta, sai na danna na kawar da shi kafin in fara aiki. Na tambayi abokina ko akwai yadda za a yi a cire shi, ya ce akwai, sai an ciro ɗan guntun lambar daga jikin tsohon batirin an dasa a sabon, amma tsohon mun riga mun miƙa shi ga masu tattara matattun batira tun a makon da muka cire shi.